Taurari Masu Wutsiya Masu Dogon Zango

Abin da Bahaushe yake kira tauraruwa mai wutsiya ba tauraruwa ba ce a haƙiƙa. Dunƙule ne na ƙanƙara da ƙura da duwatsu wanda yake kewaya rana. Idan ya kusanto ta, sai zafi ya mayar da ƙanƙarar tururi, haske da iskar rana kuma su tunkuɗa tururin da ƙurar. Wannan ita ce wutsiyar. Saboda haka kullum tana bai wa rana baya, har ma a lokacin komawa takan kasance ita ce a gaba, al'amarin da sunan bai yi la'akari da shi ba.

Masana ilmin taurari sun kasa su gida biyu. Waɗanda suke kammala kewaye cikin ƙasa da shekara 200 su ne masu gajeren zango, kamar Halley, wadda ta bayyana a 1986, ake kuma sa ran dawowarta a 2061. Waɗanda suka haura haka su ne masu dogon zango, kuma a nan ne gizo yake saƙa, domin wasunsu sukan ɗauki dubban shekaru, wasu ma miliyoyi.

Daga ina suke zuwa? A shekarar 1950 wani masani ɗan ƙasar Holan, Jan Oort, ya lura cewa ba daga ɓangare guda suke ɓullowa ba, ta kowace kusurwa suke shigowa. Sai ya ƙaddara cewa akwai taskarsu da ta lulluɓe rana da duniyoyinta kamar ƙwarya biyu a kife, a tazarar da ta ninka nisan duniya da rana sau dubbai. Ana kiranta gajimaren Oort. Babu na'urar da ta taɓa hango shi. Hujjar ta lissafi ce, amma mai ƙarfi. Idan wata tauraruwa ta gifta, ƙarfin janta yakan girgiza taskar, wani dunƙule ya kamo hanyar rana.

Hale-Bopp, wadda aka gano a 1995, ta fi kusantar rana a watan Afrilu na 1997, an kuma shafe wata 18 ana ganinta da ido. Lissafi ya nuna rabonta da nan kimanin shekara 4,200. Jan duniyar Jufita, wadda malamai suke kira Mushtari, ya rage mata zango, amma duk da haka sai bayan fiye da shekara 2,000 za ta dawo.