Ado Ba Yawan Kaya Ba Ne

Da sallah ko biki ya matso, sai ki ga yarinya ta hana idonta barci wai kayanta kala uku ne kacal. Wata ta ci bashin anko, wata ta miƙa wa saurayi hannu, daga nan raini ya shigo. Haba 'yar uwa! Ado ai iya haɗawa ne.

Dubi atamfarki da kyau. Launin da ya fi ƙaranci cikin zanenta, shi za ki nema wa mayafi. In atamfar mai hayaniya ce, mayafi da takalmi su zama marasa kwalliya. Kada launin jikinki ya wuce uku.

Ranar Alhamis da kasuwar Batsari ke ci, ki leƙa wajen 'yan gwanjo ki nemi dogon siket na jins, sakakke, ba mai ɗame jiki ba. Shuɗinsa ba baƙonmu ba ne, launin baba ne, irin na marinar Ƙofar Mata ta Kano. Yana karɓar farar riga, ja ko ruwan ɗorawa. Da yake yana zuba, ki wanke shi daban, ki shanya a inuwa.

Masu cewa baƙar mace ba ta sa launi mai haske, ƙyale su, wallahi ita ya fi yi wa kyau. Ki sa abinki tsaf, ki fita da mutuncinki.