Daga Fatan Alheri Zuwa Nahawu: Gajeriyar Hanyar Koyon Sifaniyanci

Littattafan koyon Sifaniyanci sun saba jinkirta darussa biyu zuwa babukan ƙarshe, don gudun kada ɗalibi ya tsorata tun da wuri. Na farko shi ne salon magana, wato furucin da ba a gane ma'anarsa ta hanyar duba kalmominsa ɗaya bayan ɗaya. Na biyu wata siga ce ta aikatau da masu harshen ke kira *subjuntivo*, wadda ta yi ƙaurin suna wajen wahalar da masu koyo. Akan koyar da su a rarrabe. Salon magana a jera shi don hadda, *subjuntivo* kuma a zuba shi cikin jadawali mai layi-layi tare da dokoki masu yawa. A ganina raba su da jinkirta su ne ke jawo yawancin wahalar. Darussan nan biyu a haɗe suke a bakin masu harshen, kuma wanda ya tashi da Hausa yana da guzurin fahimtarsu fiye da yadda yake zato.

Batun ya cancanci a tsaya a kansa, domin Sifaniyanci ba ƙaramin harshe ba ne. Cibiyar Cervantes, wadda gwamnatin Sifen ta kafa a 1991 don yaɗa harshen, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 500 ne suka tashi da shi a matsayin harshen uwa. Harshen hukuma ne a ƙasashe 20, ciki har da Ikwatoriyal Gini a nahiyarmu, kuma yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya. Jarrabawar ƙwarewa ta DELE tana da matakai shida, daga A1 zuwa C2, kuma a manhajar cibiyar sai a mataki na uku, B1, ake shiga *subjuntivo* gadan-gadan. Ma'ana ɗalibi kan shafe dogon lokaci yana jin sigar a waya da gidan abinci da talabijin, alhali littafinsa na ce masa lokacinta bai yi ba.

Ginin sigar ba shi da wuya. Aikatau masu ƙarewa da *-ar* suna sauya wasalin ƙarshe zuwa *e*, masu ƙarewa da *-er* da *-ir* kuma zuwa *a*: *habla* ya koma *hable*, *come* ya koma *coma*, *vive* ya koma *viva*. Guda shida ne suka fita daga tsarin gaba ɗaya: *sea, esté, vaya, haya, sepa* da *dé*. Wahalar tana wajen sanin lokacin amfani da ita. Sifaniyanci yana bambanta maganar da mutum ke bayarwa a matsayin labari da maganar da yake so, ko yake roƙo, ko yake jira, ko yake shakkar ta. *Dice que vienen* na nufin "ya ce suna zuwa", *dice que vengan* kuwa "ya ce su zo". Na farko rahoto ne, na biyu saƙon umarni.

Mai karatu ya riga ya ga abin da ya faru a fassarar. Hausa ma tana da wannan bambanci, tsakanin "sun zo" da "su zo", kuma masana nahawun Hausa suna kiran siga ta biyun umartau. Wuraren da harsunan biyu ke buƙatarta sun yi daidai sau da yawa. "Ina so su zo" shi ne *quiero que vengan*. "Domin su zo" shi ne *para que vengan*. "Kafin su zo", *antes de que vengan*. "Gara su zo", *es mejor que vengan*. "Kada ka yi magana", *no hables*. Mai Turanci yana fama a nan saboda sigar ta kusa ɓacewa daga harshensa, kuma galibin littattafan da ke yawo a hannun ɗalibanmu don shi aka rubuta su, shi ya sa suke gabatar da ita kamar wani abin al'ajabi. Wanda ya yi karatun nahawun Larabci ma ya san irinta a fi'ili mudari'i da ke karɓar nasabu bayan *an* da *kai* da *li*. Bahaushe ba ya buƙatar a shawo kansa cewa buri da labari ba su da siga ɗaya, yana yin wannan bambanci tun yana yaro.

Inda ya fi yin sa kuwa shi ne gaisuwa da addu'a, kuma nan ne ƙofar shiga Sifaniyanci take. Mutumin Madrid ko Bogota ba ya wuni bai furta *subjuntivo* a maganganun da suka daskare ba. Yana sallamar matafiyi da *que te vaya bien*, kamar "a sauka lafiya". Mara lafiya ya ce masa *que te mejores*, daidai da "Allah ya ƙara sauƙi". Mai shirin barci, *que descanses*. Mai cin abinci, *que aproveche*. In an ambaci mamaci a ce *que en paz descanse*, inda mu za mu ce "Allah ya jiƙansa". Akwai kuma *pase lo que pase*, "ko me zai faru", da *cueste lo que cueste*, "ko nawa zai ci", da *como quieras*, "yadda ka ga dama", da *que yo sepa*, "a iya sanina". Hatta *o sea*, da matasa ke cusawa cikin hira kamar yadda muke cusa "wato", daga wannan siga yake. Fitacciya cikinsu ita ce *ojalá*, wadda ta shigo daga Larabcin Andalus, inda Musulmi suka yi mulki a sassan yankin daga 711 zuwa 1492. Asalinta *law sha'allah*, dangin "in sha Allahu", kuma dole *subjuntivo* ya biyo bayanta. *Ojalá venga* shi ne "Allah ya sa ya zo", *ojalá viniera* kuma "ina ma ya zo". Ɗalibin da ya riƙe waɗannan biyun ya riga ya taɓa lokuta biyu na sigar ba tare da ya buɗe jadawali ba.

Salon magana mai hoto ma haka yake tafiya. *Meter la pata*, cusa ƙafar dabba, na nufin yin katoɓara. *Tomar el pelo*, ɗaukar gashin mutum, zolaya ce. *Echar una mano*, jefa hannu, taimako ne. Abin tsada a ce ya ci *un ojo de la cara*, ido ɗaya daga fuska, mai faɗin gaskiya komai ɗacinta kuma ba shi da gashi a harshe, *no tiene pelos en la lengua*. Wanda ya san cewa "dogon hannu" da "farin jini" da "ɗaurin gindi" ba su da alaƙa da tsawo ko launi ko igiya ba zai sha mamakin wannan ba. Abin lura shi ne yadda ake furta su a zahiri. Ba wanda ke cewa *tomar el pelo* haka tsurarsa. Abin da kunne ke ji shi ne *no me tomes el pelo*, "kada ka zolaye ni", da *espero que no metas la pata*, "ina fata ba za ka yi katoɓara ba", da *¿quieres que te eche una mano?*, "kana so in taimaka maka?" Duk ukun da *subjuntivo* a cikinsu. Wanda ya haddace jerin salon magana ba tare da sigar ba ya riƙe abin da ba zai iya sa wa a jimla ba.

Binciken masana ya goyi bayan wannan tsari. A 1983 Andrew Pawley da Frances Syder suka nuna cewa santsin maganar ɗan asalin harshe ya dogara ne a kan tarin jimloli da sassan jimloli da ke ajiye a ƙwaƙwalwarsa a dunƙule, waɗanda ba sai ya gina su daga tushe kowane lokaci ba. A shekarar ta 1983 kuma Robert Blake ya wallafa nazarinsa a kan yaran Meziko 'yan shekara 4 zuwa 12, inda ya ga suna fara ƙwarewa a wuraren umarni da bayan kalmomi irin su *cuando*, wuraren shakka da bayyana ra'ayi kuwa sai daga baya. Joseph Collentine kuma a 1995 ya nuna cewa ɗaliban jami'a a Amurka masu matsakaicin mataki suna kasa zaɓen sigar da ta dace ne saboda ba su gama iya haɗa jimla mai sassa biyu ba. In haka ne, zuba wa ɗalibi dukkan dokokin a mako guda saɓa wa yadda harshen ke shiga kai ne. Ya fi dacewa a fara da gajerun maganganun da yaro ma da su yake farawa.

Wani zai ce wannan koyon aku ne, ɗalibi ya maimaita abin da bai fahimta ba, ranar da ya buƙaci sabuwar jimla kuma ya yi tsuru-tsuru. Akwai gaskiya a ciki in an tsaya a hadda. Amma kowane furuci daga cikin waɗannan yana kama da ma'aunin tela, an yanka riga ɗaya da shi, za a iya yanka ɗari. Daga *que te vaya bien* ake samun *que te salga bien* ga mai shiga jarrabawa, daga *pase lo que pase* ake samun *digan lo que digan*, "ko me za su ce". Bayan kunne ya saba sai doka ta zo ta tarar da abin da za ta yi wa bayani. Dokar kuma ya kamata ta zama ta ƙwarai. Yawancin littattafai na cewa *subjuntivo* sigar shakka ce, sai ɗalibi ya ci karo da *me alegro de que hayas venido*, "na ji daɗi da ka zo", inda babu wata shakka tunda baƙon yana tsaye a ƙofa. Tracy Terrell da Joan Hooper sun ba da bayani mafi gamsarwa a 1974: sigar labari ta abin da mai magana ke tabbatarwa ce a matsayin sabon bayani, *subjuntivo* kuma ta abin da ba ya tabbatarwa, ko don bai auku ba, ko don kowa ya riga ya sani kuma shi ra'ayinsa kawai yake faɗa a kai.

Dole kuma a faɗi inda Hausa ke iya ɓatar da ɗanta, domin kamannin ba cikakke ba ne. Muna cewa "ina so in tafi", amma in mai so da mai tafiya mutum ɗaya ne Sifaniyanci na cewa *quiero ir*, kuma wanda ya ce *quiero que vaya* za a ɗauka wani yake so ya tafi. "Idan sun zo" tana ɗaukar ma'ana biyu da Sifaniyanci ya raba: *si vienen* in zuwan bai tabbata ba, *cuando vengan* in lokacinsa kawai ake jira, kuma abin da ke rikita mutum shi ne ta biyun ce ke da *subjuntivo*. Muna cewa "ba na zaton zai zo", su kuwa *no creo que venga*. Waɗannan wurare ne ƙididdigaggu, kuma sanin su ya fi sauƙi a kan ɗaukar sigar gaba ɗaya a matsayin baƙuwa.

Akwai masu cewa a bar ta kawai, ai za a fahimce ka, kuma ma tana mutuwa. Gaskiya ne sigarta ta lokaci mai zuwa, irin su *fuere*, ta janye zuwa harshen shari'a da karin magana. Carmen Silva-Corvalán ma ta nuna a littafinta na 1994 cewa jikokin 'yan Meziko a Los Angeles sun rage amfani da *subjuntivo*, amma wannan ya faru ne inda Turanci ya danne, kuma a can ɗin ma raguwar ta fi yawa a wuraren da ake da zaɓi. A ƙasashen harshen tana nan daram, tana kuma sauya ma'ana. *Busco un médico que habla francés* na nufin akwai wani likita sananne mai jin Faransanci da kake cigiya, *que hable francés* kuwa kowane ne in akwai. *Aunque es caro* na nufin ka san yana da tsada, *aunque sea caro* kuma ko da zai yi tsada. Girmamawa ma da ita ake yi, domin duk umarnin da ake ba wanda ake kira *usted* da wannan siga yake fita: *pase*, *siéntese*, *dígame*. Wanda ya bar ta ba zai iya ce wa dattijo "ku shigo" yadda ya kamata ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa salon magana ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. *Vale* ta Sifen ce, *órale* ta Meziko, *che* ta Ajantina, kuma *coger*, da ke nufin ɗauka ko kamawa a Madrid, batsa ce a Buenos Aires da birnin Meziko. Wannan dalili ne na yin zaɓi. Maganganu masu hoto a koye su don fahimta, a kuma yi hattara wajen furta su har sai an san inda ake. Na fatan alheri da roƙo da sharaɗi kuwa ana jin su daga Malabo har Lima ba tare da wani sauyi na a zo a gani ba, don haka su ne jarin da ba ya faɗuwa. Malami mai koyar da 'ya'yan Hausawa zai iya farawa da goma daga cikinsu a makon farko, ya ajiye kowanne kusa da takwaransa na Hausa, ya biyo da *quiero que* da *para que* da *antes de que*, sannan ya keɓe darasi ga wuraren da harsunan suka saɓa. Jadawali sai ya zo a ƙarshe, lokacin da ɗalibi zai duba shi ya gane yawancin abin da ke ciki.