Yadda matsalar tayirod ke shafar lafiyar dasashi da haƙora

Mutane da dama kan ga jini a jikin buroshi ko asuwaki da safe, su ɗauka ƙarfin gugar da suka yi ne ya jawo. Sau da yawa wannan jini alama ce ta ciwon dasashi, kuma a wasu lokutan tushen matsalar yana can cikin wuya, a wata 'yar halitta da likitoci ke kira tayirod.

Tayirod tana gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, kuma siffarta kamar ta malam-buɗe-littafi ce. Ita ce idan ta kumbura ake cewa mutum ya yi maƙoƙo. Aikinta shi ne samar da sinadaran da ke daidaita saurin ayyukan jiki, kama daga bugun zuciya da ɗumin jiki har zuwa sabunta ƙashi da warkewar rauni. Ba ta iya wannan aiki sai da sinadarin aidin, shi ya sa ake sanya shi a gishirin da ake sayarwa a Najeriya.

Shi kuwa ciwon dasashi yana farawa ne daga dauɗar da ke liƙewa a gindin haƙori, inda ƙwayoyin cuta ke taruwa. Dasashi ya kumbura, ya riƙa jini, in aka bar shi ciwon ya gangara ya cinye ƙashin da ke riƙe da haƙori har ya fara girgiɗi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna cewa kimanin kashi 19 cikin 100 na manya a duniya, wato sama da mutum biliyan ɗaya, na fama da nau'in ciwon mai tsanani.

Idan aikin tayirod ya yi ƙasa, komai na jiki yakan yi sanyi. Mutum ya riƙa jin kasala da sanyi, ya ƙara ƙiba, fatarsa ta bushe. A cikin baki kuma rauni kan daɗe bai warke ba, harshe kan yi kauri, yawu kan ragu. Yawu shi ne ke wanke baki yana rage ƙarfin ƙwayoyin cuta, don haka ƙarancinsa na ba su damar yaɗuwa. Ga yara kuwa, fitowar haƙora kan yi jinkiri.

Idan kuma aikin ya yi yawa, jiki kan rushe tsohon ƙashi fiye da yadda yake gina sabo. Ƙashin muƙamuƙi na cikin waɗanda abin ke shafa, saboda haka ciwon dasashin da ya riga ya kama zai fi saurin kassara gindin haƙora. Alamomin wannan yanayi sun haɗa da ramewa duk da cin abinci, faɗuwar gaba, yawan gumi da rawar hannu.

Akwai kuma batun garkuwar jiki. A cutar Hashimoto, wadda likitan Japan Hakaru Hashimoto ya bayyana a 1912, garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa tayirod. Masu irin wannan larura sun fi fuskantar wata cutar garkuwar da ke busar da baki da idanu. Mata sun fi maza kamuwa da cututtukan tayirod nesa ba kusa ba.

Ƙwayoyin cuta ne ke haddasa ciwon dasashi, matsalar tayirod kuma tana sauƙaƙa masa hanya. Saboda haka maganin tayirod kaɗai ba zai wanke dauɗar haƙori ba, kamar yadda wankin haƙori ba zai gyara tayirod ba.

Ya zama wajibi mai matsalar tayirod ya sanar da likitan haƙori kafin a taɓa bakinsa. Allurar kashe zafi da ake yi kafin cire haƙori kan ƙunshi sinadarin adiranalin, wanda ke iya tayar da bugun zuciyar wanda tayirod ɗinsa ke aiki fiye da ƙima ba tare da magani ba. Haka kuma mai shan Carbimazole da ya ga gyambo a baki, ciwon maƙogwaro ko zazzaɓi, ya garzaya asibiti a ranar, domin maganin na iya rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta.

Wanda dasashinsa ke jini ya fara da ganin likitan haƙori, ya kuma riƙa goge baki sau biyu a rana. Idan ciwon ya ƙi lafawa, ga kuma kasala, sauyin nauyin jiki ko kumburi a wuya, ya nemi a yi masa gwajin jini na TSH, wanda ke nuna ko tayirod na aiki daidai.