Direbobin Da Suka Yi Tseren Mota Har Kano

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga Jahun, ya aiko da takarda yana cewa samarin unguwarsu sun ɗauki tseren babur da mota abin ado, har suna cewa ai Turawa ma haka suke yi. Yana tambaya, shin an taɓa yin tseren mota na gaske a ƙasar nan, kuma su wane ne direbobin?

To malam, mun gode da wannan tambaya. Tseren mota iri-iri ne. Akwai na 'yan ƙananan motoci masu kujera ɗaya, wanda ya kankama a birnin Los Angeles na Amurka a 1933, inda ake kewaya fili killatacce. Akwai kuma na dogon zango, kuma shi ne ya iso mana.

A watan Mayu na 1974, shekarar da aka yi gasar cin kofin ƙwallon ƙafa na duniya a Jamus ta Yamma, motoci da dama suka tashi daga Landan. Suka bi ta Faransa da Sifen da Maroko da Aljeriya, za su keto Sahara ta Agadas su zo Kano, sannan su juya arewa zuwa birnin Munik. Tun a Aljeriya yawancinsu suka ɓata hanya. Har shahararren direban Ingila, Stirling Moss, wanda ya saba lashe manyan gasa a kan kwalta, hamada ta kayar da shi, bai ƙarasa ba. Motoci 19 ne suka isa Munik, biyar kacal daga ciki suka cinye hanyar duka.

Waɗanda suka zo na ɗaya 'yan Ostareliya ne su uku a mota Citroën. Cikinsu akwai Ken Tubman, dattijo mai shagon magani, wanda ya kusa shekara sittin. Ta biyu kuwa mace ce, Bafaranshiya Christine Dacremont, a Peugeot 504, wato Fijon nan da kuka sani, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna.

Ka ga ke nan ba mai zafin ƙafa ne ya ci ba, sai mai lura da hanya da tattalin mota. Sauri ya haifi nawa. Kuma su waɗannan mutane sun fito ne da shiri: hular kwano, ɗamarar kujera, guzurin ruwa da mai, ga alƙalai a kowane zango.

Saboda haka malam, ka gaya wa samarin nan cewa hanyar Jahun zuwa Gujungu ba filin tsere ba ce. Amalanken shanu na bin ta, yara masu talla na tsallakawa, ga mai kai kifi kasuwa daga fadama. Wanda ya banke ɗayansu ba kofi za a ba shi ba. Allah Ya kiyaye hanya, amin.