Abin da ƙarangiya da ƙuduji suke ɓoye wa ido

Duk wanda ya ratsa gonakin Bauranya da kaka ya san ƙarangiya ba ta barin mutum ya wuce lafiya. Ta maƙale a ƙafar wando, ka sa hannu ka cire, ta koma yatsa. Tsinuwa kam tana sha, amma da wuya ka ji an tambayi dalilin da ya sa shigarta ba wuya, fitarta sai da tsaki.

Amsar tana ƙarƙashin madubin likita. Ƙayar da ido yake gani sumul, ashe jikinta cike yake da 'yan mitsi-mitsin haƙora a jere, kowanne ya juya baya, shi ya sa ja yake ƙara mata riƙo. Da haka take hawa bisa akuya ko tunkiya, a kai mata iri gonar da ba ta taɓa zuwa ba. A 1941 wani injiniyan ƙasar Suwizalan, George de Mestral, ya duba wata ƙaya mai ƙugiya da ta maƙale wa karensa, daga nan ya ƙirƙiro Velcro, maɗaurin nan na takalman yara. Kashin yawo da muke takawa kullum yana da ƙugiyoyi irin waɗannan.

Amma a ganina babu kamar ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Irinsa ƙura ce kawai a tafin hannu, ƙwaya ɗaya ba ta kai rabin milimita ba. A madubi kuwa sai ka ga jikinta da layuka a murɗe, tudu da kwari, tamkar sassaƙar ƙwaryar amarya. Wannan kyakkyawar ƙwaya ita ce take tsotse dawa da gero da masara. Tushe ɗaya yana zubar da dubban iri, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10, ba za su tsiro ba sai sun ji sinadarin da saiwar shuka take fitarwa. Da sun tsiro sai su kama saiwar, su yi ta sha. Kafin manomi ya ga furen nan mai ruwan hoda, ɓarna ta yi nisa.

Abin mamaki, a saiwar auduga masana suka fara gano sinadarin, a 1966. Auduga da waken suya suna tayar da irin ƙuduji daga barci, amma ba ya iya rayuwa a jikinsu, sai ya mutu da yunwa. Dalilin ke nan da masu bincike a cibiyoyin nazarin noma na Samaru da IITA suke ba da shawarar sauya shuka, da tuge ƙuduji kafin ya yi 'ya'ya.

Sauran ciyayi ma ba a bar su a baya ba. Audugar tumfafiya kowane zare rami ne da shi a ciki, shi ya sa iska take ɗaukarta. Bayan ganyen tafasa kuma akwai 'yan ƙofofin numfashi masu buɗewa da rufewa.

Ganin waɗannan ba sai an je jami'a ba. Madubin takarda na Foldscope, wanda Manu Prakash da abokin aikinsa suka fitar a jami'ar Stanford, yana ƙara girman abu sau 140. Malaman kimiyya na Kankiya da Kusada, inda akwai madubi a makaranta ku fito da shi daga kabad, ku aiki ɗalibai bayan aji su tsinko ƙarangiya su gani da idonsu.