Ƙananan Ƙwayoyin Kabon a Cikin Fitilar LEC

Fitilar LEC shimfiɗa ɗaya ce tak ta sinadari mai ba da haske da aka gauraya da wani nau'in gishiri, aka matse tsakanin faranti biyu masu ɗaukar lantarki. Kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na silin gashi ba. Da an ba ta wuta, bolt uku zuwa huɗu, sai ƙwayoyin gishirin masu caji su rabu, kowace ta nufi farantin da ke jan ta, su share wa lantarki hanya, haske ya ɓullo a tsakiya. Qibing Pei da Alan Heeger da abokan aikinsu ne suka fara nuna ta a Kalifoniya a 1995. Ba kamar fitilar OLED ba, mai bukatar shimfiɗu hawa-hawa, ita ana iya shafa ta kamar fenti.

Da folima, sinadari mai dogayen sarƙoƙi, aka fara yin shimfiɗar, amma tsawon sarƙoƙinta ba ya zuwa daidai, haɗin yau ya bambanta da na gobe. Aka koma ga sinadarai masu ɗauke da iridiyam, masu haske sosai, sai dai iridiyam yana cikin ƙarafan da suka fi ƙaranci a ɓawon ƙasa, akasarinsa kuma daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi. Nan ne ƙananan ƙwayoyin kabon suka samu shiga: ba ƙarfe a jikinsu, kowace kamar an tsaga kara da 'yar'uwarta, tace su kuma ba wuya.

Amma da sauran rina a kaba. A cikin kowace haɗuwar caji huɗu, ɗaya ce kawai ƙwaya ta gama-gari ke mayarwa haske. Sauran ukun su tafi a zafi. Mafitar ta zo daga Jami'ar Kyushu ta Japan a 2012, inda Chihaya Adachi ya nuna ƙwayoyin da ɗumin ɗaki kaɗai ke isa ya maido da ukun nan hanyar haske, dabarar da ake kira TADF. A 2015 ayarin Eli Zysman-Colman na Jami'ar St Andrews da abokan aikinsu suka shigar da ita cikin LEC.

Abin da ya fi ci wa masana tuwo a ƙwarya shi ne shimfiɗar kanta. Ƙananan ƙwayoyi na son dunƙulewa su daskare kamar sukari, fuskar ta yi ramuka, wuta ta zurare. Fitilar kan yi nawa kafin ta kama, domin sai ƙwayoyin gishirin sun kai masaukinsu, kuma a tsawon rai har yanzu OLED na gabanta nesa ba kusa ba.