Naira Da Sefa: Abin Da Ake Faɗi A Danchuwa

Daga Wakilinmu Na Arewa

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, duk wanda ya aika da kuɗin cefane gida a 'yan shekarun nan ya san amsar da kan biyo baya: an gode, amma ba su kai ba. Wannan ne ya sa na yada zango a Danchuwa, cikin ƙasar Potiskum ta Jihar Yobe, don in ji yadda jama'a suka ɗauki faɗuwar darajar Naira.

Abin da na fara lura da shi, ba kowa ne ya damu da dalar Amurka ba. A nan da Sefa ake auna Naira, watau kuɗin da ake kashewa a Nijar da Cadi da Kamaru. Dalili kuwa shi ne kasuwar shanu ta Potiskum mai ci ran Laraba, wadda take cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Da yawa daga shanun da kuke gani ana saukewa a Agege daga ƙetaren iyaka suka fito, kuma mai su Sefa yake son komawa da ita gida. A 2019 jaka guda ta Sefa, watau 1,000, wajen Naira 600 ce. Bayan da Babban Banki ya sakar wa kasuwa farashin Naira a watan Yuni na shekarar farko ta mulkin Tinubu, watau 2023, sai ga jakar nan ta haura Naira 2,000 a 2024. Falke ya sayi sa da tsada, mahauci a Ikko ya rage tsoka.

Dattawa su kam ba su da zance sai na da. Suna tuna 1973 da Naira ta gaji Fam, Naira biyu Fam guda, da 1980 da dala take wajen kwabo 55 a farashin gwamnati. Laifin duka suna ɗora shi kan 1986, shekarar da gwamnatin Janar Babangida ta karya darajar kuɗin. Maniyyata ma suna bayansu, domin kujerar Hajji da ba ta kai Naira miliyan 3 ba a 2023 ta wuce miliyan 6 a 2024.

To amma a ganina akwai abin da dattawan suka manta. Ƙarfin Nairar nan na man fetur ne, ba na gona ba. Shi ya sa shinkafa da alkamar waje suka yi araha har noma ya zama wahalar banza. Ga farin 1973, ga cutar gyaɗa ta 1975, dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace. Iyayen waɗansunku a lokacin ne suka rataye fartanya suka nufo Kudu.

Manomi mai ajiya kuwa bai yi kuka da faɗuwar Naira ba, ko da yake ba ya faɗi a bainar jama'a. A farkon 2024 hatsinmu ya zama araha ga mai Sefa, aka yi ta fita da shi, har jami'an kwastan suka riƙa tare motoci a kan iyaka. Wanda ya ɓoye wake da gero ya sha riba. Ƙaramin manomi da ya sayar tun da kaka don biyan bashin taki, shi ne ya dawo da bazara yana awo da kwano a ninkin abin da ya sayar.

Fatake ne suka fi ba ni tausayi. Yawancin cinikin shanu a Kudu bashi ne. Falke ya sauke kaya, ya zauna gidan maigidansa yana jiran mahauta su biya, wani lokaci makonni. Idan Naira ta zame kafin kuɗin su shigo hannu, abin da ya karɓa na shanu 30 ba zai sake sayo masa 30 a Potiskum ba. Shi ya sa in ka tambaye su wadda suka fi so, mai ƙarfi ko marar ƙarfi, sai su ce a dai bar musu ita inda suka same ta, daga wannan Laraba zuwa ta sama.